Bangaskiya: Gado Ce ko Amana?



Cikin watan Nuwamban da ya wuce, watan da Ikilisiya ta keɓe domin yi wa matattu addu'a, mahaifiyarmu ta aiko mana cewa tana so a kai ta ƙauyenmu na asali a ƙasar Ikara, ta tsaya a bakin kabarin mijinta tun ƙafafunta suna iya ɗaukarta. Roƙon tsohuwa ba a ce masa sai baɗi. Muka nemi izini, muka haɗa akwatin Misa, muka tashi daga Zariya da sassafe mu shida cikin mota ɗaya: Inna, da mu, da ƙanwarmu da maigidanta, da 'ya'yansu biyu, wato yarinya 'yar shekara tara da wanta, saurayi mai shekara ashirin da ke karatu a jami'a. Tun kafin ranar, ƙanwarmu ta riga ta raɗa mana da hawaye cewa yaron nan ya kusa shekara bai taka ƙofar coci ba. Ya biyo mu ne kawai domin kakarsa ta ce ba za ta tafi ta bar angonta a gida ba, shi kuwa ba ya iya ƙin maganarta.

Muna kan hanyar Kano, hazon farkon hunturu bai gama washewa ba, mun kusa Tashar Yari inda ake karkata zuwa Makarfi, sai saurayin ya gyara murya ya ce, “Kawu Fada, ku gafarce ni, ina da tambaya. Da a gidan Baffa aka haife ni, da yanzu ina salla sau biyar a rana, ina kuma da tabbaci a zuciyata kamar yadda kuke da shi. Ashe addinin nan ba gado ba ne kawai, kamar gona ko kamannin fuska? In kuwa gado ne, da wane baki zan ce nawa ne na gaskiya?”

Baffan da yake nufi shi ne ƙanen mahaifinmu, dattijo Musulmi, wanda a gidansa za mu sauka a ranar. Uwar yaron ta buɗe baki za ta tsawata masa, muka roƙe ta ta ƙyale shi, gama matambayi ba ya ɓata. Mun kawo tambayar nan gabanku domin mun sani ba shi kaɗai ke ɗauke da ita ba. Tana nan a gidajenmu da yawa, a zukatan samari da 'yan mata waɗanda suke jin nauyin iyayensu har ba su iya furta ta, sai dai a wayi gari a ga gurbinsu a coci babu kowa.

Rabin maganar gaskiya ce

Abin da muka fara gaya masa shi ne, rabin maganarsa gaskiya ce. Yawancin 'yan Adam suna rayuwa su mutu cikin addinin da suka tarar a gidan ubansu. Wanda ya musa wannan ya ɓata wa kansa suna a gaban matasa, gama suna da ido, suna gani. Wannan gaskiyar kuma tana da amfani ƙwarai, domin tana kashe girman kai. Ba wayonmu ne ya sa aka kai mu baftisma muna jarirai ba, saboda haka ba mu da dalilin raina wanda aka yi wa huɗuba a kunne ran da aka haife shi.

Amma sauran rabin maganar bai tsaya da ƙafarsa ba. Hanyar da abu ya bi ya iso ga mutum dabam take, gaskiyar abin kuma dabam. A bakin uwa muka fara jin cewa wuta tana ƙuna, a bakin malami muka ji cewa bakwai da biyar sha biyu ne. Da an haife mu a wani zamani, da mun rantse cewa rana ce ke kewaya duniya. Duk da haka ba mai hankalin da zai ce tun da yake koya mana aka yi, ƙunar wuta da lissafi da tafiyar duniya duk ra'ayi ne na gado. Har shakkar da ke damun ɗanmu ma karɓarta ya yi daga wani wuri, gama da bai shiga jami'a ya karanta littattafan da ya karanta ba, da wataƙila ba ta zo masa da wannan kama ba. Wuƙar da ya zaro tana yankan mai riƙe da ita kamar yadda take yankan wanda aka nuna wa. Ba wanda ya haƙa rijiyar da ya fara shan ruwanta. Abin tambaya ga kowane baligi shi ne, ruwan da aka ba ni mai kyau ne? Na kuwa ɗanɗana shi da kaina, ko ji kawai nake yi?

Abin da rake ya koya mana a Makarfi

Muka tsaya a Makarfi domin Inna ta miƙe ƙafa. Kowa ya san ƙasar Makarfi da rake da mazarƙwaila, kuma lokacin sara ya kama, ga shi nan jingim a bakin hanya. Muka saya, muka zauna a inuwa muna sha. Sai Inna, wadda muke tsammani barci take yi sa'ad da ake muhawara a mota, ta ɗaga guntun rake ta nuna wa jikanta idon da ke jikin gaɓa, ta ce, “Angona, kai da ka yi boko, ka taɓa ganin ƙwayar irin rake a kasuwa?” Ya ce bai taɓa ba. Ta ce, “To, daga jikin uwarsa ake yanko shi.”

Manoma a cikinku sun san abin da take nufi. Ana sare sandar rake gunduwa-gunduwa, kowace da gaɓa biyu ko uku, a kwantar cikin ƙasar fadama. Idon ya tsiro, kuma a kwanakin farko zaƙin tsohuwar gunduwa yake sha. Amma tsohuwar gunduwa ruɓewa take yi. In sabon tsiron bai kafa nasa saiwar ba kafin ta ƙare, sai ya bushe, ko da daga rake mafi zaƙi aka yanko shi. Haka bangaskiya take. Dole ta fito daga jikin wani, kuma dole ta yi saiwar kanta. A Bisharar Yohanna sura 4, mutanen Samariya sun fara ba da gaskiya saboda shaidar macen da ta sadu da Yesu a bakin rijiya, daga baya suka shaida mata cewa yanzu sun ji shi da kunnensu. Manzo Bulus kuma, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, ya tuna masa cewa bangaskiyarsa ta fara zama cikin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki, sa'an nan nan take ya umarce shi ya hura baiwar da ke cikinsa kamar yadda ake hura wuta. Bulus bai ga abin kunya ba a ce mutum ya karɓa daga kaka, bai kuma yarda mutum ya tsaya a nan ba.

Tun da muna zaune a ƙasar Makarfi, muka ba yaran labarin Gimi, wadda take cikin wannan ƙaramar hukuma kusa da layin dogo. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa ya kai shi ga girmama Annabi Isa ƙwarai, har aka kashe shi saboda koyarwarsa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu zuwa Ningi da iyakar ƙasar Zazzau. A 1913 waɗansu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Likita Walter Miller na mishan ɗin Angilikan a Zariya, suka karɓi Bishara, aka kafa musu mazauni a Gimi ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karibiyan, W. A. Thompson. Suka yi noma, suka buɗe makaranta. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa musu, ya kashe da yawa, sauran suka tashi. Zuriyarsu na cikin waɗanda suka zauna a Wusasa bayan mishan ya koma can a 1929. Waɗannan ba Katolika ba ne, amma 'yan'uwanmu ne cikin baftisma ɗaya, kuma Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, wanda Miller yana cikin masu aikinsa, ya amfani dukan masu bi. Muka tambayi ɗanmu, “Mutanen Gimi a gidan wa suka gāji abin da suka binne 'ya'yansu a kansa?”

Namu tarihin ma haka yake. A 1710 firistoci biyu na ƙungiyar Faransis Mai Tsarki, Fada Carlo Maria na Jenowa da Fada Severino, suka taso daga Tarabulus, suka ƙetare hamada ta Agadas, suka iso Katsina, inda rashin lafiya ya kashe su duka biyu a 1711 ba tare da sun bar jama'ar masu bi a bayansu ba. A watan Fabrairu 1907 Fada Oswald Waller da abokansa biyu na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam. A 1934 aka ba Kaduna yankinta na mishan, ta zama babbar dayosis a 1959. Ranar 5 ga Disamba 2000 aka yanki Dayosis ta Zariya daga jikinta, marigayi Bishop George Dodo ya zama makiyayinta na fari. A 2023 kuma aka kafa Dayosis ta Katsina, aka naɗa Bishop Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, shekara 312 bayan mutuwar baƙin nan biyu a birnin. Duk inda ka ga Kirista ya ce ya tarar da addini a gida, in ka bi sawu baya kaɗan za ka iske wanda bai tarar ba, wanda ya zaɓa, ya kuma biya.

Gida ɗaya, hanya uku

Muka isa ƙauye da azahar, ana tsakiyar kaka, dawa a tsaye waɗansu gonaki, waɗansu kuma an riga an karya. Baffa ya tarye mu a zaure da sandarsa. Ya kama hannunmu ya ce, “Fada, ɗana, sannu da hanya. Ashe kun tuna zumunci a ƙafa yake.” Aka kawo fura, aka yanka kaji, aka share wa Inna ɗakin da ta zauna tana amarya.

A gidan nan ne maganar ɗanmu ta gamu da abin da bai zata ba. Kakanmu Bamaguje ne, manomi na gaske, mai riƙe da al'adun iyayensa: yanka a kan gida kafin shuka, girmama iskoki, giya a ranar biki. Ya haifi 'ya'ya maza biyu da suka rayu. Ƙaramin, wato Baffa, ya musulunta yana saurayi a shekarun da Sardauna Ahmadu Bello yake rangadin kiran jama'a zuwa Musulunci, tsakanin 1963 da 1965, ya nemi karatu, ya riƙe salla har yau. Babban, mahaifinmu, ya fara zuwa sauraron wani katekis da ke zuwa a kan keke yana koyarwa a gindin tsamiya, ya yi shekara uku yana koyon katekisma, aka yi masa baftisma cikin shekarun 1970. Tsohon kuwa ya mutu a kan hanyar kakanninsa. Ciki ɗaya, tukunya ɗaya, hanya uku. Da addini gado ne kawai, da dukanmu yau muna yanka a kan gida.

Da dare, bayan an ci tuwo, muka ji saurayin ya matsa kusa da kakarsa yana tambayarta a hankali abin da ya sa mijinta ya zama Kirista. Mun daɗe da sanin labarin, amma ba mu taɓa jinsa da irin muryar da ta ba da shi a daren ba. Ta ce ranar da mahaifinmu ya ƙi riƙe akuyar da za a yanka wa iskoki, tsohon ya fitar da shi daga gandu, ya ce wanda ba ya yi wa gona yanka ba zai ci daga rumbunta ba. Damina biyu suna ƙodago a gonakin mutane, ita da goyo a baya. Ba makaranta ce ta ja shi ba, gama bai yi boko ba, ba kuma magani ko tufafi ba. Ta ce abin da yake faɗa kullum shi ne, ya gaji da bauta wa abin da yake tsoro, ya kuwa ji labarin Allah wanda ya zo neman mutum da kansa, har ya mutu dominsa. Sai ta ce wa jikanta, “Kai kana cewa gado. Kakanka gadonsa ya rasa a kan abin nan.”

Ta ƙara da cewa a shekara ta uku tsohon ya huce, gama hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar. Ya kira ɗansa ya mayar masa da rabonsa, ya ce ya lura tun da ya shiga hanyar nan bai taɓa yi masa ƙarya ba, bai kuma daina gaishe shi da safe ba.

A bakin kabari

Kashegari da hantsi muka tafi makabarta. Inna ta durƙusa a bakin kabarin mijinta, muka yi addu'a, muka yayyafa ruwa mai tsarki. Can gefe, bayan tsohon gida, akwai tudun da aka binne kakanmu bisa ga al'adar Maguzawa. Sai ƙaramar yarinyar, wadda ba ta ce kome ba tun jiya, ta ja rigarmu ta ce, “Kawu Fada, shi ba za a yi masa ba? Ko yana wuta ne?”

Ku lura, 'yan'uwa, tambayar yarinyar da ta wanta tushensu ɗaya. Abin da ke ci wa matasanmu rai a ɓoye shi ne tsoron kada Allah ya zama marar adalci, mai hukunta mutum saboda gidan da aka haife shi. Da haka Allah yake, da sun yi daidai da suka ja da baya. Amma Ikilisiya ba ta koyar da haka ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, a koyarwarta a kan Ikilisiya ta 21 ga Nuwamba 1964, ta bayyana cewa waɗanda ba su san Bisharar Kristi ba, ba kuwa da laifinsu ba, amma suna neman Allah da zuciya ɗaya, suna ƙoƙarin bin abin da lamirinsu ya nuna musu da taimakon alheri, suna iya samun ceto. A wuri ɗaya ta ambaci Musulmi da girmamawa, a matsayin masu riƙe da bangaskiyar Ibrahim, masu sujada ga Allah ɗaya mai jinƙai. Ikilisiya ta sanar da sunayen tsarkaka masu yawa da suke sama, amma ba ta taɓa kama sunan mutum ɗaya ta ce lalle yana wuta ba. Saboda haka muka taka zuwa tudun, muka yi wa tsohon addu'a, muka danƙa shi ga Mai Shari'a wanda ya san yawan hasken da aka ba kowa.

Kada wani ya ji wannan ya ce ashe duk hanya ɗaya ce, wa'azi kuma ɓata lokaci ne. Mun gaskata cewa duk wanda ya sami ceto, ta wurin Kristi ya samu, ko ya san sunansa ko bai sani ba. Yaron da aka raba da ubansa tun yana jariri, uban yana aiko masa da abinci da sutura a ɓoye, lalle yana raye da alherin uban. Amma wa zai ce daidai yake da ɗan da ya san fuskar ubansa, yana cin abinci tare da shi? Wanda ya san gidan uban, ya kuma ƙi nuna wa yaron, bai yi masa adalci ba. Dalilin shelar Bishara ke nan. Dalilin da ya sa kuma ba a yinta da tilas ke nan, gama Majalisar nan ta sake bayyanawa ranar 7 ga Disamba 1965 cewa ba a tilasta wa kowa a sha'anin addini.

Baffa ya rako mu makabarta, ya tsaya daga nesa kaɗan, ya ɗaga hannu yana tasa addu'ar. Muna ganinsa muka tuna watan Maris 1987, sa'ad da rikicin da ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa har Ikara, aka rasa rayuka, aka ƙona wuraren ibada. Muna yara ƙanana a lokacin. Abin da muka riƙe shi ne, Baffa ya kwashe mu zuwa ɗakin matarsa, shi kuwa ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar ɗan cocinmu na jinka ya kwana uku a wurin. Waɗansu baƙin samari suka zo, ya ce musu ɗakin ɗan'uwansa ne, sai su fara da shi. Shi da mahaifinmu sun yi shekaru suna muhawara a kan Yesu, ba wanda ya ja wani, ba kuma wanda ya ce bambancin ba kome ba ne. Kowannensu ya ɗauki gaskiya da nauyi, shi ya sa ya ga girman ɗan'uwansa da ya ɗauke ta da nauyi.

A gaban bagade

Daga makabarta muka wuce coci. Yanzu ginin bulo ne da rufin kwano, kujerunsa kuwa dakali ne na ƙasa. Firist ba ya samun zuwa kowace Lahadi, saboda haka katekis ne ke jagorantar sujada yawancin makonni. Da aka ji Fada ya zo, mutane suka bar masussuka suka taru. Matan zumunta suka kawo tulunansu da ganga, aka yi waƙa har ƙura ta tashi. Lokacin baiko aka jero da damin dawa, da kwanon gyaɗa, da kaji, da sandunan rake.

Idon katekis ya yi rauni, sai ya duba cikin jama'a ya miƙa wa ɗanmu littafi ya ce, “Ɗan boko, taimake mu da karatu na fari.” Yaron ya dube mu, muka kau da kai. Ya tashi ya karanta, da Hausar da ya sha a nono, muryarsa tana ɗan rawa. Mahaifinmu bai taɓa sanin Misa da wani harshe ba, amma waɗanda suka riga shi sun san ta da Latin, sai bayan koyarwar Majalisa a kan sujada ta 4 ga Disamba 1963 aka buɗe ƙofa ga harsunan jama'a. Harshe ya sāke, kayan kiɗa sun sāke, amma abin da aka ɗora a kan bagaden nan shi ne abin da Fada Carlo Maria ya ɗauko ta hamada, shi ne kuma abin da Ubangiji ya danƙa wa manzanni a daren da aka bashe shi. Bulus ya gaya wa Korintiyawa cewa abin da ya karɓa shi ne ya miƙa musu. Ba firist ɗin da ya ƙago Misa, ba kuma wanda ya mallake ta.

A nan ne amsar ta fito mana sarai. Gado sai mai shi ya mutu ake cinsa, in an raba shi raguwa yake yi, magaji kuma yana da iko ya sayar ko ya bar shi ya zama kufai. Mai wannan dukiya kuwa yana da rai, rabawa ba ta rage ta, kuma zai tambayi kowa abin da ya yi da ita, kamar maigidan nan na misalin talanti a Matiyu sura 25. Abin da yake haka sunansa amana. Ta hannun iyaye takan zo, amma ba tasu ba ce, ba kuwa tamu ba. A makarantar horar da firistoci ta Jos mai sunan Agustin Mai Tsarki an koya mana tarihin wannan babban malami ɗan Afirka, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. Uwarsa Monika mai bi ce, ubansa kuwa sai dab da mutuwa ya karɓi baftisma. Agustin ya yar da addinin uwarsa, ya yi shekaru yana yawo cikin koyarwa iri iri, sai a 387 ya karɓi baftisma a Milan yana da shekara 32. Monika ba ta iya ba shi bangaskiyarta kamar yadda ake ba da zane ba. Ta riƙe amanar da addu'a da hawaye har ya miƙo hannu da kansa. Da ajalinta ya zo a Ostiya, ba ta damu da inda za a binne ta ba, abin da ta roƙa shi ne a riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Abin da Inna ta zo yi wa mijinta ke nan.

Ɗanmu bai zo karɓar Jibin Ubangiji ba. Ya zauna a dakalinsa, kansa a sunkuye. Mun ga girmansa a kan haka, gama ya ƙi yin ƙarya a gaban bagade.

Ta ƙasar Kudan

Da za mu koma, muka karkata ta Hunkuyi a ƙasar Kudan domin Inna ta gai da wata ƙawarta. A shekarun nan manoman Kudan sun yi suna da noman inabi, abin da kakanninmu ba su sani ba sai a karatun Littafi. Muka tsaya a bakin wata gona, ga kurangar an ɗora ta a kan rumfunan waya. Mai gonar ya bayyana mana cewa in ba a datse rassan a kan kari ba, sai kuranga ta yi ganye jingim ta hana 'ya'ya. Kun san abin da Ubangiji ya koyar a Yohanna sura 15, cewa reshen da ke ba da 'ya'ya ma sai an datse shi domin ya ƙara. Muka yi tunani a ranmu, wataƙila shakkar saurayi mai gaskiya almakashi ce a hannun Manomi. Akwai bangaskiyar yarinta da dole ta faɗi kafin ta manya ta fito.

Saboda haka muna roƙonku, iyaye, in ɗanku ya zo da irin tambayar nan, kada ku rufe masa baki, kada kuma ku ce ya zama kafiri. Tsawa tana korar tambaya daga baki ta mayar da ita cikin zuciya, inda ba mai iya amsa ta. In ba ku san amsa ba, ku ce ba ku sani ba, ku rako shi wurin Fada ko katekis. Ku ba 'ya'yanku labarin wanda ya fara karɓar baftisma a gidanku da abin da ya rasa saboda ita, gama da yawa cikinsu ba su taɓa ji ba. Mu firistoci kuma muna da namu laifi, domin sau da yawa mukan sallami yaro daga ajin katekisma yana ɗan shekara goma sha biyu, sa'an nan mu sa ran abin da ya koya zai ishe shi gaban malaman jami'a. Ku kuma samari da 'yan mata, tambaya hakkinku ce, amma wanda ya yi tambaya ya wajaba ya tsaya ya nemi amsa. Kada ku yar da abin da ba ku taɓa kwance ƙullinsa kun duba ba.

Ba mu zo muku da labarin tuba ba. Har ranar da muke wannan rubutu ɗanmu bai koma karɓar Jibi ba, ko da yake uwarsa ta ce takan hango shi a bayan coci wani lokaci. Abin da muka gani da idonmu shi ne, sa'ad da muka sauke Inna a Zariya, ya bi ta har ɗaki ya tambaye ta ko littafin katekisma na kakansa yana nan. Ta buɗe adaka ta fito da shi a naɗe cikin tsumma, bangonsa ya tafi, gefen takardunsa ya yi baƙi da zufar hannun mutumin da ya koyi karatu yana da gemu domin ya karanta shi. Ta miƙa masa, amma ba ta sake shi nan da nan ba. Ta ce, “Angona, ba kyauta na ba ka ba. Ajiya ce. Za a tambaye ni, kai ma za a tambaye ka.”

Ku sa shi cikin addu'arku, shi da dukan 'ya'yanmu masu nema. Allah ya ba matattunmu hutawa, ya sāka wa maƙwabtanmu masu amana da alheri, ya kuma same mu da aminci a kan abin da ya danƙa mana. Maryamu Uwar Ikilisiya ta yi roƙo dominmu. Amin.